Ranar da Injin Hambali Ya Yi Shiru

Akwai wani mai sana'ar itace a Gude, can ƙasar Kabo, ana ce masa Hambali. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai tsadar magana. In ka gaishe shi zai amsa, amma kada ka sa ran zai ƙara maka da komai.

Matarsa Uwaliya ta daɗe da rasuwa, bai kuma sake aure ba. 'Yarsu tilo, Badi'a, tana aure a Madadi ta ƙasar Gwarzo, sai da salla take leƙo shi. Abin da ya rage mai motsi a gidan shi ne awakin da marigayiyar ta bari. Su yake tararwa in ya dawo, su kuma yake yi wa faɗa in ransa ya ɓaci.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san Hambali yana dariya, shi ne abokin aikinsa Sajo. Iyayen Sajo makiyaya ne, shanu suka ƙare, ya zauna ya rungumi noma. Gidansa yana tsallaken fadama, shi da matarsa Asta, babu maƙwabci sai gonaki. Siriri ne, ya ɗan girmi Hambali, ga surutu kamar ya ci aku.

Abin da ya haɗa su dogon zarto ne mai mariƙi biyu, irin wanda mutum ɗaya ba ya iya aiki da shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙarfi ake sa masa. Ba haka ba ne. Shi wannan zarto ba a tura shi, ja kawai ake yi. Ka ja naka, ka saki, ka bar ɗan'uwanka ya ja nasa. Da zarar ka ce za ka taimaka masa da turi, sai zarton ya lanƙwashe ya cije a cikin itace.

Wurin aikinsu fadamar bayan gari ce, inda ruwan wata madatsa ya taso ya cinye tsofaffin gonaki. Itatuwan wurin duk sun mutu a tsaye, gindinsu cikin ruwa. Ba su da mai su, malamin daji ma ba ya kallonsu. Hambali da Sajo sukan naɗe wando su shiga, wani lokaci ruwa iya gwiwa, wani lokaci iya ƙugu. Suna ja, Sajo yana zuba, Hambali yana cewa "uhm".

In azahar ta yi sai su fito kan tudu su yi salla, Sajo a gaba, Hambali a damansa. In sun sallame su yi musafaha, su buɗe ƙwaryar furar da Asta ta dama. Haka suka yi shekaru, har furfura ta fara fito musu tare.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kananzir ya yi tsada, ya kuma ɓace. Matan birni da suka saba da risho suka koma murhu. Itacen da dā ake yi wa kallon banza ya zama abin nema. 'Yan a-kori-kura suka riƙa zuwa tun daga Kano suna tsayawa a bakin fadama, suna cewa ko nawa aka tara a loda musu.

A daidai lokacin ne kuma kafaɗar Sajo ta fara ciwo. Ya ja kaɗan, ya ce a huta. Ya ja kaɗan, ya ce a sha ruwa. Hambali yana tsaye cikin ruwa, yana kallon mota tana juyawa rabinta wayam, yana haɗiye abin da ke ransa.

Wata rana ya je Gwarzo, ya tarar ana kayar da wata ƙatuwar bishiya da injin yanka itace. Mutum ɗaya ne tak riƙe da shi. Kafin mai shayin gefen hanya ya gama haɗa wa Hambali shayinsa, bishiya ta kai ƙasa. Daga ranar Hambali bai sake kallon dogon zarto da daraja ba.

Bai shawarci kowa ba. Ya kora awakin Uwaliya kasuwa, ya haɗa da hatsin da ya yi saura a rumbu, ya hau mota sai Kano.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Motar tun daga Kabo ba a zancen komai sai wannan, kowa yana tofa albarkacin bakinsa, wani yana kabbara, wani yana tambayar ko farashin masara ma zai ji tsoron Allah. Hambali kuwa hannunsa na kan aljihu, hankalinsa na kan inji.

A kasuwa aka nuna masa rumfar wani mai sayar da injuna, Alhaji Zailani. Bayan sun gaisa, Hambali ya tafi kai tsaye.

"Alhaji, inji nake so mai araha, wanda zai yi yanka a cikin ruwa."

Alhaji Zailani ya dube shi ya yi murmushi. "Malam, abu biyu ka tambaya. Mai araha akwai. Mai yanka a cikin ruwa kuwa, ko a mafarki ban taɓa sayar da shi ba. A ina kake aikin?"

Hambali ya kwatanta masa fadamar da matattun itatuwanta.

Alhaji ya sauko da injuna biyu. Ɗaya sabo fil, ƙarami, yana ƙyalli. Ɗayan na hannu ne, fentinsa ya koɗe, ga nauyi.

"Kuɗinsu kusan ɗaya," in ji shi. "Wannan mai ƙyallin na gyaran lambu ne, in ka sa shi a jiƙaƙƙen marke zai yi maka kuka ya mutu. Wannan tsohon kuwa ya saba da wahala. Duba nan, inda yake shaƙar iska a rufe yake, feshin ruwa ba ya saurin shiga. Kayan gyaransa kuma ko a Gwarzo za ka samu. In da ni ne, shi zan ɗauka."

Hambali ya ɗaga tsohon, ya jinjina shi, ya ji ya zauna masa a hannu.

"Amma ka riƙe wannan," Alhaji ya ci gaba. "Bakinsa mai sarƙa yana iya taɓa ruwa, in ka tashi ka goge ka shafa mai. Kansa kuwa, in ya nutse sau ɗaya, ya gama aiki a ranar. To, wa zai riƙe maka igiya?"

"Wace igiya?"

"Ta bishiya mana. Kai da ka saba da zarto, kana jin bishiya in ta fara ƙara kafin ta faɗi, ko ba haka ba? Da wannan ba za ka ji komai ba, ko kiran sunanka aka yi. Dole wani ya tsaya nesa da igiya, ya zame maka ido da kunne."

Hambali ya ɗaure fuska. "Alhaji, ai don kada in nemi kowa na zo sayen inji."

Alhaji Zailani ya dube shi ya ce, "To, Allah ya tsare. Ni dai na faɗa."

Ka ga dai inji ya zaɓu da kyau. Hambali ya ɗauki duk shawarar da ta shafi ƙarfe, ya bar wadda ta shafi mutum a rumfar Alhaji.

Washegari Sajo ya iso fadama da zarto a kafaɗa, ya tarar da Hambali yana zuba wa inji mai. Murna ta kama shi kamar shi aka saya wa. Ya zagaya injin, ya shafa shi, ya yi ta sa albarka.

"Kai, Hambali! Ashe abin da ka tafi yi ke nan a ɓoye? Shi ke nan, kafaɗata ta huta. Kai ka yanka, ni in riƙe igiya in tara."

Hambali bai ɗago ba. "Aikin mutum ɗaya ne, Sajo."

Sajo ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya.

"Na gaji," in ji Hambali. "Shekara da shekaru ina jan zarto, ina jan ka. Rabin ƙarfina a kanka yake ƙarewa, in an tashi rabo kuma a raba daidai. Ga zarton nan, na bar maka shi duka."

Sajo ya dubi zarton, ya dubi mariƙinsa biyu da hannayensu suka goge har suna sheƙi.

"Zarton mutum biyu ka bar wa mutum ɗaya?"

"Ka nemi wani."

Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, ran nan kalma huɗu kawai ya samu. Ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya saɓa zarton, ya bi ta cikin ruwa ya haye. Ƙwaryar furar da ya zo da ita ya bar ta a kan tudu, bai ɗauka ba.

Gaskiya inji ya yi aiki. Abin da dā suke tarawa a mako, Hambali ya riƙa tara shi kafin la'asar. Motoci suka riƙa cika. Ya sa kwano a ɗakinsa, ya sayi keke, ya sayi rediyo. Mai in ya yi wuya ya bi 'yan bumburutu ya saya, bai damu ba. A gari aka fara cewa Hambali ya kama ƙasa.

Amma akwai abin da ba a gani daga waje.

Ƙarar inji ta zauna masa a kunne. Ko ya kashe shi, sai ya riƙa jin wani zuu a kansa. Mutum zai yi masa sallama a hanya bai ji ba, ya wuce. Aka ce kuɗi ne suka sa shi girman kai, aka rage gaishe shi. Masu kamun kifi da mata masu wanki da dā suke zuwa gefen fadama suka canza wuri saboda ƙara. Ko balbelu sun daina sauka.

Kiran salla daga gari ma ya daina isowa gare shi, sai dai ya duba inuwa. Ya fito kan tudu ya yi sallarsa shi kaɗai. Ran farko da ya sallame, sai ya ga hannunsa ya miƙe da kansa don musafaha. Babu kowa. Ya mayar da hannun ya shafa gemu, kamar dā ma abin da ya yi niyya ke nan.

In ya koma gida babu akuyar da za ta tarbe shi da kuka. Ya jingine keke, ya goge inji, ya shafa wa sarƙa mai, ya kunna rediyo. Malamai suna ta wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin abokin tafiya, sai ya murɗa ya koma tashar labarai. Wani lokaci sai ya lura tun safe bai furta kalma ko ɗaya ga ɗan Adam ba, ban da ciniki da direba. Kaɗaici ya kama shi sosai, amma ko a ransa ya ƙi kiran abin da sunansa.

Wata rana mai ya ƙare masa da wuri, ya hau tudu zai tafi. Sai ya hango Sajo can tsallake, a bakin gonarsa, yana fama da wani ƙaramin kututture. Ya kafa turke, ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ɗaya mariƙin zarton da ita. In ya ja, robar ta mayar. In ya ja, robar ta mayar. A gurbin Hambali ke nan aka ɗaura roba.

Hambali ya yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Tsakaninsu ruwa ne da bai wuce ƙugu ba, ƙafarsa har ta ɗaga. Sai zuciya ta ce masa, in ka je ka ce me? Ya juya ya hau kekensa.

Ran Juma'a sukan haɗu a masallaci. Sajo ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi Badi'a, ya tambayi aiki. Hambali ya amsa a gajarce yana kallon gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta sa rigar girman kai.

Haka aka tafi har damina ta yi tsakiya. Busasshen itace ya yi wuya, direbobi suna roƙo. A fadama kuwa itatuwan bakin gaɓa duk sun ƙare, saura na ciki.

Akwai wani ƙaton marke can tsakiya, ya karkace, rassansa sun yi nauyi ta gefe ɗaya. Tun zamanin zarto suke kewaye shi. Duk sanda suka wuce Sajo yakan ce, "Wannan sai da igiya, sai kuma da rani." Hambali ya daɗe yana kallonsa yana lissafin mota nawa zai cika.

Ranar kasuwa ce, gari ya watse, gonaki babu kowa. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi, da alama an riga an yi ruwa a sama, don ruwan fadama ya yi ja yana tafe da ganyaye. Mai hankali zai koma gida. Hambali ya naɗe wando ya shiga.

Ya ja igiyar inji, ya tashi. Ya ɗaga kan injin sama da ruwa yadda aka koya masa, ya kafa baki a gindin marke. Sarƙa tana ci, gari yana fita. Bishiyar ta yi ƙara, ta yi gargaɗinta kamar yadda kowace bishiya take yi. Babu kunnen da ya ji.

Inuwa kawai ya ga ta juya. Marken ya murɗe, ya taho ta inda bai zata ba. Ya yi tsalle baya, laka ta riƙe ƙafarsa. Wani ƙaton reshe ya danne masa cinya, ya zaunar da shi cikin ruwa. Inji ya suɓuce, ya nutse, ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru.

Laka ce ta cece shi, don ƙafar ta lume ciki maimakon ta ragargaje. Amma lakar ce kuma ta riƙe shi. Ya tura reshen, ko gezau. Ya tona da hannu, laka ta koma. Ya laluba ya jawo injin, ya ɗora shi kan reshe, ya ja igiya har hannunsa ya sage. Alhaji Zailani bai yi ƙarya ba.

Ya yi ihu. Ya kira sunan Allah, ya kira jama'a. Muryarsa ta bi kan ruwa ta ɓace. Shi da kansa ya kori kowa daga wurin nan da ƙarar injinsa.

Sannan aka fara yayyafi. Ruwan da yake iya cibiyarsa ya hau zuwa haƙarƙari. Nan ido ya raina fata.

Abin mamaki, ba mutuwar ce ta fi tsorata shi ba. Tunani ya yi, wa zai san bai koma gida ba? Babu mai ajiye masa tuwo. Babu akuyar da za ta yi kukan yunwa har maƙwabta su leƙo. A masallacin unguwa an saba da rashinsa. Sai dai in direba ya zo bai sami itace ba, ya yi tsaki ya juya. Zai iya kwana nawa a nan kafin wani ya ce ina Hambali? Wannan tambayar ce ta sa ƙato kuka, shi kaɗai a tsakiyar ruwa.

Ya yi kalmar shahada, ya jingina kansa da reshen.

Can sai ya ji wata ƙara da ya sani, siririya, irin ta dogon ƙarfe in yana lilo a kafaɗar mai tafiya. Ya ɗauka zuu ɗin kunnensa ne. Ya buɗe ido.

Sajo ne, ruwa iya ƙirjinsa, zarto a kafaɗa, igiya a wuya, yana dogara sanda.

Bai yi salati da ƙarfi ba, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya zagaya ya duba yadda reshen ya kwanta, ya sa hannu cikin ruwa ya taɓa ƙafar.

"Kana jin yatsunka?"

"Ina ji."

"Alhamdu lillahi. Na tura Asta gari ta kira mutane, amma ruwan nan ba zai jira su ba. In muka raba reshen da uwar, zan iya ɗaga guntun da sanda."

Ya haye ɗaya gefen reshen, ya ɗora zarton a tsakanin cinyar Hambali da gangar bishiyar. Sannan ya turo masa ɗaya mariƙin.

"Kama."

Hambali ya dubi mariƙin. Har yanzu da guntuwar roba ɗaure a jikinsa. Ya kama.

Tsoro ya sa ya manta abin da ya yi shekaru yana yi. Ya ja da ƙarfi, ya kuma tura da ƙarfi, yana so a gama yanzu-yanzu. Zarton ya lanƙwashe ya cije.

"Hambali," in ji Sajo a hankali. "Kada ka tura. Ja naka, ka sakar min nawa."

"Kafaɗarka fa?"

"Kafaɗata ba ruwanka. Ja."

Ya ja, ya saki. Sajo ya ja, ya saki. Da farko a hargitse, daga baya hannuwa suka tuna. Haƙoran zarton kuwa a wase suke tas, kamar jiya aka bi su da magagari. Ruwan sama ya kece. Ruwan fadama ya kai wa Hambali ƙirji, ya wuce. Zarton ya nutse gaba ɗaya, ba a ganinsa, amma bai daina ci ba, garin itace yana tasowa yana bin ruwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sajo yana nishi, fuskarsa ta yamutse don ciwo, amma ko sau ɗaya bai ce a huta ba. Da ya ga ruwa ya taɓa gemun Hambali, sai surutunsa ya dawo. Ya shiga ba shi labarin wata tinkiyar Asta da ta cinye masa hula, yana yi yana ja, don kada abokinsa ya kalli ruwan.

Sai suka ji ƙas. Wannan karon dukansu sun ji.

Sajo ya cusa sanda ƙarƙashin guntun reshen, ya sa kafaɗar nan mai ciwo ya banƙara. Hambali ya ja jiki da baya, laka ta sake shi. Sajo ya ɗaura masa igiya a ƙirji, ya ja shi har kan tudun da suke salla.

Suka kwanta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa suna haki, ruwa yana dukansu. Da numfashi ya dawo, Hambali ya juyo.

"Wa ya gaya maka? Ihuna ka ji?"

"Ina zan ji ihu daga gidana? Injinka ne ya gaya min."

Hambali bai gane ba.

"Tun ranar da ka sallame ni," in ji Sajo, "kullum da safe ina kasa kunne. In na ji ya tashi, sai in ce wa Asta, Hambali ya kwana lafiya. In ya yi shiru da azahar, in ce ya tafi salla, ni ma in tashi in yi tawa. In ya yi shiru da yamma, in ce ya tashi lafiya. Ka hana ni gaisuwar kullum, to da shi nake gaisawa. Yau kuwa a tsakiyar kuka ya yanke, ga faɗuwar bishiya, bai kuma sake tashi ba. Na ce wa Asta, ya taɓa marken nan."

Hambali ya rufe fuska da hannu biyu. Ƙarar da ta kori kowa daga gare shi, ashe akwai mutum ɗaya da yake zaune yana saurarenta, kuma shi ne wanda ya wulaƙanta.

"Sajo, ka yafe min. Na ce ina jan ka. Wallahi ban san kai kake riƙe da ni ba."

"Na yafe tun a ranar," in ji Sajo. "Ƙwaryar Asta dai da na bari a nan, ita ce har yau ba ta yafe ba. Sai ka san yadda za ku yi."

Mutanen gari suka iso suka tarar da dattawa biyu jiƙe sharkaf, ɗaya yana kuka, yana kuma dariya.

An kai Hambali wurin mai ɗori, aka ce tsagewar ƙashi ce. A gidan Sajo ya yi jinya, don Asta ta ce ba za a mayar da mara lafiya gidan da babu mai ba shi ruwa ba. Ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa.

Injin ma an tsamo shi, wani makanike a Gwarzo ya wanke shi ya canza fulogi, ya tashi. Hambali bai yar da shi ba, don inji bai yi laifin komai ba. Amma daga ranar ba a sake jin kukansa a fadama ba sai Sajo yana tsaye nesa, igiya a hannu. In itace ya yi zurfi cikin ruwa, sai a ajiye inji a kan tudu a ɗauko dogon zarto. Robar nan kuwa Hambali ya hana a kwance ta daga mariƙinsa.

Ranar da suka koma aiki, azahar ta yi, suka hau tudu. Sajo ya shiga gaba. Da suka sallame Hambali ya miƙa hannu, ya tarar da hannu yana jiransa.

Darasi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In Allah ya buɗa maka, kada ka dubi wanda kuka sha wahala tare ka ce nauyi ne a kanka. Abin da kuɗinka ya saya yana iya yin shiru ranar da ka fi bukatarsa, mutum ne zai lura da shirun. Wataƙila yanzu haka akwai wanda ka yar, amma kullum yana kasa kunne ya ji ko ka kwana lafiya. Kada ka jira sai ruwa ya kai maka gemu, neme shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki wannan labari, ko Allah zai sa ya zama sanadin shiryawar wasu.